Makokin Mai Rai

Unguwar Zariya, Maraɗi

Zuwa ga Yaya Jibo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da aikin shanu da sanyin ƙasar Ayalan. Mu nan lafiya lau.

Ranar Juma'a na hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, na karanta wa kakarmu Tabawa wasiƙarka. Ta ji daɗin labaran da tsohon mai gidanka yake ba ka na ƙaramin garinsu. Da na zo wajen itacen ƙayar da ba a sarewa don aljanu, ta yi dariya, ta ce ashe Turawa ma suna da tsamiyarsu.

Amma da na karanta zancen yunwar da ta same su da dankalinsu ya ruɓe, har rabin gari suka shiga jirgin ruwa suka bar ƙasar, sai ta daina dariya. Ka ce a da idan mutum zai tafi, dangi sukan taru su yi masa zaman makoki yana raye, don sun san ba za su ƙara ganinsa ba. Sai ta sa na maimaita.

Daga nan ta ba ni labarin wanta Baƙo, wanda ban taɓa jin sunansa ba. A shekarar wata yunwa ya bar garinsu Jiratawa ya yi kudu, ya ce zai dawo da damina. Uwarsu ta rasu tana ajiye masa fura. Kaka ta ce mutanen garin mai gidanka sun fi su dabara, kuka ɗaya suka yi suka huta.

Ta san mai gidanka da iyalinsa sun roƙe ka ka zauna can. Ta ce ka gaya mata gaskiya, ko za ka dawo, tun tana da ƙarfin kuka.

Ƙanwarka,
Rahmatu

Zariya, Maraɗi

Yaya Jibo,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarka ta iso, na kai mata. Ban rage komai ba, har inda ka ce ba ka san shekarar zuwanka ba.

Ba ta yi faɗa ba. Washegari ta sa aka daka gero, ta aika aka kira maƙwabta. Malam Idirisa liman ya ce ba a yi wa mai rai makoki, ta ce to a kira shi walima. Aka zauna a tsakar gida, kowa ya kawo labarinka, har ranar da jaki ya kayar da kai a kasuwa. Muka yi dariya, muka yi kuka. Sannan ta sa aka yi wa Baƙo addu'a, karo na farko.

Da mutane suka watse ta ce mini, "Na sallame shi. In ya zo, baƙona ne, zan yanka masa kaza."

Tun ranar tana barci sosai, tana cin abinci. Ni ce dai ban iya sallamarka ba, Yaya. Mabuɗin ɗakinka yana wurina, kuma ban ba kowa ba.

Allah ya tsare mana kai.

Taka,
Rahmatu