Mijina Ya Kashe Innata Da Baki Don Tsoron Teku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki taimaka ki sakaya sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin ya kai ni maƙura.

Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Sabha, muna zaune a unguwar Jadid. Mijina baduku ne, da takalma da gidan wuƙa yake ɗinkawa a bakin kasuwa. Da kuɗin mai suka yi wa Larabawan nan yawa, sai manyan ma'aikatan kamfani suka tsiri tafiya bakin teku kamun kifi duk hutu, kowa yana so sandar fatsarsa ta fi ta abokinsa kyau, shi ne ya koma wannan sana'ar. Ana kawo masa sandunan tsirara daga Tarabulus, ya ɗaura zobban da igiya ke bi, ya yi wa mariƙin riga da jar fata, ni kuma in naɗe da zaren siliki kala-kala in fitar da sunan mai ita, a shafe da gam mai ƙyalli. Ba zan ci haƙƙinsa ba, hannunsa yana da kyau. Bakinsa ne bala'in.

Mutumin nan tunda aka haife shi bai taɓa ganin teku ba sai a TV, ko kududdufi ya gani sai ya kewaye. Amma in kastoma ya zo sai ya harɗe ƙafa yana zuba, wai a Legas ya tashi cikin masunta, wai ya taɓa kokawa da kifi mai girman sa har gari ya waye. Har Rayis suke kiransa, wato shugaban jirgi, shi kuma yana wani shafa gemu. Ina bayan labule ina naɗin zare, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

To akwai babban kastomansa, muna ce masa Mudir, wato manaja, shi ya tsaya mana muka samu takardar zama, shi yake kawo mana abokansa. Watan jiya ya ce lallai Rayis ya bi shi su shiga jirgi tsakiyar teku, ya gwada masa sabuwar sandar da hannunsa. Gogan ya dawo gida gumi sharkaf, ya kwana zaryar bayi, tsoro kamar farar kura. Na ce ka faɗa masa gaskiya mana, ya ce ba zai zubar da girmansa ba. Wane girman?

Ashe abin da ya je ya faɗa wa Mudir shi ne uwar matarsa ta rasu. Tasa uwar tana nan a Kano da ranta, amma tawa ya ga dama ya kashe. Ban sani ba sai ganin mota na yi a ƙofar gida, matar Mudir da 'yan uwanta da shinkafa da mai da rago, wai ta'aziyya. Baiwar Allah ta rungume ni tana kuka, ni ma na fashe da kuka don takaici, suka ɗauka na rashi ne. Shi kuwa yana waje ya shimfiɗa tabarma yana karɓar fatiha, da yamma ya gasa hantar ragon ya ci har da neman yaji. Yana cikin ci Inna ta bugo waya tana tambayar kumburin ƙafata, don cikina ya tsufa.

Mun yi ta sosai. Na ce masa matsoraci ne mara kunya, ya ce ai baki ba ya kisa, kuma kowa ma zai mutu. Tun ranar in na kalle shi ba na ganin namiji, tuwo ma dangwarar masa nake yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Matar Mudir ta ɗauke ni marainiya, kullum tana gidana, ta rantse ita ce uwata daga yau kuma a hannunta zan haihu. Inna kuma ta taso za ta yi min wankan jego, jiya ta kira ni daga Agadas tana jiran mota. Da na faɗa wa mijina, ko a jikinsa, ya ce:

"Meye abin tashin hankali? Ki ce musu ƙanwar marigayiya ce. Inna ai ba ta jin Larabci."

'Yan uwa ya zan yi? In na faɗa wa matar Mudir gaskiya, sana'ar da muke ci ta mutu, takardunmu ma ban san makomarsu ba, ga haihuwa a gaba. In na faɗa wa Inna, na san halinta, ko wankan ba za ta jira ba za ta tasa ni gaba sai Katsina. In kuma na bi tasa, na zama irinsa. Ku faɗa min, da wane bakin zan dubi tsohuwar da ta keto sahara domina in ce mata, Inna ki yi haƙuri, a gidan nan kin riga kin mutu?