Kwalba a Cikin Safar Nevena

Plovdiv, Oktoba

Yaya Blagoy,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da gonar inabinka da kyanwar nan taka mara kunya.

Ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Asabar ɗin ƙarshen wata za mu zauna cin abinci a gidana, kuma wannan karon ba na karɓar uzuri. Tun da aka binne Yaya Nevena kake ba ni labarin ciwon gwiwa da lalacewar hanya. Mijin yayata ne kai, na san ƙaryarka tun ina 'yar makaranta: duk ranar da ka yi ta sai rubutunka ya ƙara kyau.

Teburin ya lalace da ba ka nan. Dakta Rumen ya samu fili, kowace giya aka zuba sai ya lumshe ido ya yi ta yi mana lacca, kamar muna kan kujerarsa ta cire haƙori ba mu da bakin magana. Todor kuwa wancan watan har rantsuwa ya yi cewa giyar Faransa ce a kofinsa, da aka zare safar da ke rufe kwalbar sai ga ta surukinsa. Matarsa Velichka ta yi dariya har ta ƙware. Ni kaɗai ce ban yi ba, don na juya in ga fuskarka sai na ga kujera.

Dokar tana nan yadda kai da Yaya kuka kafa ta: kowa ya zo da kwalba ɗaya a cikin safa, ba mai ganin takardar jikinta, a sha a canki ko wace ce. Zan dafa kapama a tukunyar ƙasa, da nama kala uku yadda kake so. Ka zo mana da hancin nan naka da kowa ke tsoro.

Ƙanwarka da ba ka iyawa da ita,
Zdravka


Ƙauye, bayan Melnik

Zuwa ga ƙanwata Zdravka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni lafiya. Kyanwa tana amsawa. Gwiwar kuma da gaske take, ko ki yarda ko kada ki yarda.

An gama tsinkar inabi. Bana na bar wa mutanen gangare suka kwashe, ban matse ko bokiti ɗaya ba. Ƙauyen ya ƙara yin shiru. Gidan da ke kallon namu ma an rufe shi, 'ya'yan sun zo sun tafi da tsohon Jamus. A layinmu yanzu daga ni sai Stoyna, tsohuwar nan ta bayan coci, ita kuma kin san bakinta. Wata rana nakan wuni ban yi magana ba, sai na zo kiran kyanwa in ji muryata ta dushe.

Zan zo. Akwai ganga ta ƙarshe da muka matse tare da yayarki kafin ta kwanta ciwo. Na ɗura ta a kwalabe da bazara, ban buɗe ko ɗaya ba, don ba na son in sha ta ni kaɗai. Roƙona ɗaya ne: kada ki sa ni in fara magana a teburin. Ki bar Rumen ya yi ta yi, ni na tsufa da gardama.

Ki gaishe su duka. Allah ya kai mu lafiya.

Naki,
Blagoy


Plovdiv, Nuwamba

Yaya Blagoy,

Ina gaisuwa. Ka isa gida lafiya? Ka tafi ka bar safar Yaya Nevena a kan tebur, jar nan mai ɗinki a dunduniya. Na ɗauke na adana.

Har yau maganarka ake yi. Kai ne mai cewa a bar Rumen, amma da ya gama zagaya Italiya kaf da bakinsa, ka ɗan kurɓa ka ce, "Dakta, wannan ai Mavrud ce, giyar ƙasarmu da kake saya a bayan tasha, ka bar Italiya ta huta." Ya buga tebur ya ce, "Kai dai maye ne, Blagoy!" Ka canki ta Todor, ka canki ta Velichka, ka canki tawa. Ko ɗaya ba ka kuskure ba. Todor ya ce shi daga yau ruwan famfo zai riƙa kawowa, ya ga ko za ka faɗi sunan unguwar.

Sannan aka zo kan taka. Ka riƙe kofin ka ce tana ƙamshin busasshen ɓaure da ƙasar tudunku bayan ruwan sama, yadda giyar Nevena take kullum. Rumen ya miƙo kofi aka ƙara masa, shi da bai taɓa yabon giyar kowa ba. Muka shanye ta tas.

Na ji daɗin ganinka, Yaya. Ka rame, kuma ka zabga wa kapamata gishiri kamar mai jin haushinta, amma na yafe. Zama na gaba kafin Kirsimeti ne, kada ka fara lissafin gwiwa.

Taka,
Zdravka


Ƙauye, Nuwamba

Zdravka,

Ina gaishe ki, don an koya min gaisuwa.

Jiya na kai wa Stoyna kwalba ɗaya daga cikin na Nevena. Ta zuba, ta kai hanci, ta ture kofin. Ta ce, "Blagoy, tsumman goge ƙasa ka jiƙa a ciki? Wannan ai ko alade ba zai sha ba." Na ce mata ba ta san giya ba. Ta ce, "Mu je in gani." Ta biyo ni har ɗakin ƙasa da sandarta, muka buɗe wata, muka sake buɗe wata. Duk haka suke. Gangar ce ta yi funfuna tun lokacin da nake zaryar asibiti.

To yanzu ki gaya min. Na zauna a gabanku ina zuba zancen ɓaure da ruwan sama, ku kuma kuna haɗiye ruwan tsumma kuna gyaɗa min kai. Rumen har da ƙari! Kun mai da ni yaron da ake yabon zanensa. Tun jiya kunya ta hana ni cin abinci.

Tunda kun riga kun sani, bari in faɗa da bakina. Hancina ya mutu. Murar da ta kwantar da ni bayan jana'iza ce ta tafi da shi, likita kuma ya ce a shekaruna kada in sa rai. Giya a bakina yanzu ruwa ce mai ɗan tsami. Kwalaben da na canka ba su na gane ba, ku na gane. Rumen idan ya sayo mai tsada tun daga bakin ƙofa yake sanarwa, ranar kuwa shiru ya shigo. Todor idan ta surukinsa ce ba ya iya kallon matarsa. Velichka tun ina da gashi a ka ba ta kawo komai sai farar giyar garinsu. Ke kuma duk lokacin da aka zo kan taki sai kin taɓa kunne.

Kuma ba giyar ce ta fi yi min ciwo ba. Gyalen Nevena na ulu yana rataye a bayan ƙofa inda ta bar shi. A kwanakin farko nakan sa fuskata a ciki in same ta, sabulun wardi da hayaƙin murhu. Yanzu ulu ne kawai. Ban sani ba ko ƙamshin ya tafi, ko yana nan ni ne ba na ji, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Kada ki sake ajiye min kujera. Tebur ne na masu hanci, ni kuma ba na son zaman da tausayi ya ba ni. Ki aiko min da safar.

Ki huta lafiya.
Blagoy


Plovdiv, Disamba

Yaya Blagoy, sarkin fushi,

Ina gaishe ka, ni da zuciya ɗaya.

Gaskiya kake so? Ga ta. Tunda nake ban taɓa shan giya mai muni irin wannan ba. Wari take kamar rigar da aka manta a bokiti. Velichka ta tashi da ciwon kai, Rumen ya ce a hanya sai da ya sayi burodi ya goge harshensa. Hankalinka ya kwanta?

Maganar hanci kuwa na san ta tun zuwan da na yi da bazara, ranar da barkono ya ƙone ƙurmus a kan murhu kana zaune kusa da shi kana wasa almakashi. Ban gaya wa kowa ba. Su a teburin suka gane, lokacin da ka fara zancen ɓaure.

Amma ka rage ɗaukan kanka da yawa, ba dominka muka sha ba. Ni da na ga safar sai na tuna ita ce ta tsinko wannan inabin, hannunta ya nutse a cikinsa har gwiwar hannu. Yayata ce tun kafin ta zama matarka. So kake in zubar da ita a kwata? Rumen kuma kai ka tambaye shi dalilin ƙarinsa. Ni ban tambaya ba, na dai ga idonsa.

Ka ce mu ka gane ba giya ba, sai ka ce wani abin kunya. Mijina ya rasu, ɗana yana Kanada, sai bikin Ista nake jin muryarsa. Wa ya rage a duniya da ya san ina taɓa kunne? Ni kaina ban sani ba sai da na karanta. Wannan Asabar ɗin ce kaɗai a wata nake dafa abin da ya wuce na mutum ɗaya, shi ne za ka rage min baki don hancinka ya yi yaji.

Ba zan aiko da safar ba, mai so ya zo ya ɗauka. Kuma daga yau duk abin da ka sa a gabana, in ruɓaɓɓe ne zan faɗa maka ido da ido. Na yi alkawari.

Ƙanwarka har gobe,
Zdravka


Ƙauye, Disamba

Zdravka,

Gaisuwa. Ina tafe a motar safe ranar Asabar. Ba zan zo da kwalba ba, ki ce wa Rumen harshensa ya huta.

Gyalen zan kawo, na sa shi a leda na ɗaure bakinta. Kafin mutane su iso ki buɗe ki shaƙa, ki gaya min ko tana nan.

Kin yi alkawari.

Yayanki,
Blagoy