Zuwa ga Inna, Wadda Ta Nemi Tafsirin Turanci

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda ɗa yake durƙusawa ya yi wa uwa, ina fatan rahamar Ubangiji tana sauka a makwancinki safe da yamma. Mu nan muna lafiya. Gwiwa ce dai ta fara yi mini gardama, ido kuma sai da tabarau. Autanki ya tsufa, Inna, har ya wuce shekarun da kika bar duniya da su.

Dalilin wannan takarda shi ne, jikata Maryama mai shirin jarrabawa ta zo mini da wani atisayen Turanci a wayarta: ɗan labari a sama, tambayoyi a ƙasa. Ta ce wai na yaran ƙasar Sin ne, su ma haka suke fama. Na yi dariya har na ƙware. Ashe har can ƙarshen duniya akwai yaron da Turanci ya tsare yana zufa. Ina cikin dariyar sai Wurno ta zamanin Turawa ta dawo mini, ga ki zaune a inuwar rudu, rumfar da ake adana albasa. Na ga bai kamata in mutu ban faɗa wa mutane abin da kika yi ba.

Kin tuna yadda aka kai ni boko. Umarni ya zo cewa kowace unguwa ta ba da yaro, masu uba duk suka ɓoye nasu, wasu a rumbu, wasu aka tura su Goronyo wajen dangi. Ni maraya ne, sai Baffa Garba, yayan mahaifina, ya miƙa ni. Kin yi kuka ranar. Washegari kika wanke mini riga, ban sake ganin hawayenki a kan maganar ba.

Baffa ya yanke magana tun farko, a gabanki ya faɗa: "In Nasara sunka ɗauke shi gaba, shi tahi. In ba su ɗauka ba, ga hwadama nan tana jiran shi." Wato in na gama elementare, ko dai in ci jarrabawar shiga Midil a Sakkwato, ko in koma jan jigo ina ba albasa ruwa. Ke ba noman kike ƙi ba, da shi kika rene mu. Tsoronki shi ne an raba ni da allo ban sauke ba, an raba ni da gona hannuna bai yi kanta ba, in boko ma ta tofar da ni, to na tashi ba nan ba can. Mata a bakin rijiya sun riga sun sa mini suna ɗan asara, kina ji kina jan guganki.

To, a makaranta kuwa ni ne zakara. Da muka kai ajin da ake fara Turanci aka ba mu littafin karatu, sai muka yi masa abin da muka iya. Mu 'ya'yan allo ne. Abin da muka sani, in an biya maka karatu ka haddace shi, ka yi ta maimaitawa kana rangaji har ya zauna. Ma'ana kuwa ta manya ce, sai ka sauke, ka yi gemu, ka zauna gaban malamin zaure. Yaro ya tsaya tambayar ma'ana tun bai gama hadda ba, ai rashin kunya ne. Haka muka ɗauki littafin Bature muka sa masa muryar allo. Malaminmu, Malam Umaru, yana ƙoƙarin bayani, mu muna jira ya gama surutunsa mu ci gaba da karatu. Ni na haddace littafin daga bango zuwa bango. In baƙo ya zo, ni ake tayarwa, in zuba kamar ruwa da bakin ƙwarya ban yi tuntuɓe ba, in zauna ina hura hanci.

Da wannan hura hancin na same ki wata ranar hantsi, lokacin cirar albasa. Kuna zaune da maƙwabta kuna ware manya da ƙanana. Na tsaya ba wanda ya roƙe ni, na rufe ido na karanto shafi guda cur. Matan suka riƙe baki. Na ga daɗi a fuskarki, wallahi na gani. Sai kika jefa albasa a kwando kika ce, "Madalla. To, mi yac ce?"

Na ce ai shi ne na karanta. Kika ce, "Jan baƙi munka ji. Ina tahsiri?"

Ke mai zuwa tafsirin azumi ce, kina zama can bayan zana tare da tsofaffi. Kin san mai jan baƙi yana karanto aya, malam ya fassara, kuma ba a taɓa watsewa a kan jan baƙi kaɗai ba. Shafin da na fi kowa iyawa a duk Wurno, ban san ko zagin ubana aka yi a ciki ba. Ɗaya daga cikin matan ta tuntsire da dariya. Ranar na ji haushinki ƙwarai, Inna, ko tuwon ban ci da daɗi ba.

Ba ki lallashe ni ba. Cewa kika yi daga yau duk shafin da na karanta miki sai na biyo shi da Hausa, in ba haka ba in kai wa awaki su saurara. Dole ta sa na je wajen Malam Umaru bayan an tashi, ina sunkuyar da kai kamar wanda ya zo roƙon gafara, na tambaye shi ma'anar shafin. Na zaci bulala zan sha. Sai ya ajiye allinsa ya dube ni ya ce, "Isa, yau kaz zo makaranta." Ya zaunar da ni ya bi da ni kalma kalma, har la'asar ta kusa kuɓuce mana.

Na zo miki da fassarar ina ganin an gama. Ashe an fara ne. Ke ba ki yarda da a jero miki kalmomi ba, labari kike so, kuma kina da tambaya kamar alƙali. "Way yi? Don mi yay yi hakanga? Daɗa sai aka yi ƙaƙa?" Kina tankaɗe kina tambaya, kina tsinkar zogale kina tambaya. In na kasa, in koma wa Malam, in dawo. Na zama ɗan aike tsakanin ke da shi, ku da ba ku taɓa zama wuri ɗaya ba.

Kin yi rigima da mutanen littafin nan ba kaɗan ba. Akwai labarin mai nono da yake bi gida gida da asuba yana ajiye kwalba a bakin ƙofa ya wuce. Kika saki rariya kika ce, "Shi aje nono bakin ƙohwa shi tahi? Garin ga babu mage?" Don in huta sai na ce ai suna da masu gadi. Kika ƙura mini ido kika ce, "Littahi yac ce, ko kai kac ce?" Na duba sama na duba ƙasa, babu mai gadi ko ɗaya a shafin. Kika ce in littafi bai faɗa ba, in ce bai faɗa ba, kada in yi masa ƙarya don ba shi da bakin kare kansa. Wannan tambaya ta zame mini ƙaya. Da na ɗan ƙara gishiri sai ki cafke ni, ke da ba ki san ko baƙi ɗaya na boko ba. Muryata kike saurare, kin san inda take rawa.

Jarrabawar a Rabah aka yi ta. Mu na Wurno muka taka da ƙafa, Malam Umaru a kan kekensa yana gaba yana jiranmu a inuwa. Kin ɗaure mini ƙuli-ƙuli da dabino a tsumma. Yaran Goronyo ma sun zo, muka haɗu a rumfa kowa yana rangaji yana tilawar littafinsa, har wuri ya ɗauki amo kamar tsangaya.

Da safe Baturen makaranta ya shigo, dogo, wuyansa ja saboda rana. Aka raba takardu. Inna, labarin da ke ciki ba ya cikin littafinmu. Ba mu taɓa ganinsa ba. Sai wani a bayana ya fara shessheƙa. Abokina na kusa ya duba ya duba, ya ga babu mafita, sai ya duƙa ya rubuto labarin mai nono tun daga farko har ƙarshe, da kyakkyawan rubutu, yana fatan a ga ƙoƙarinsa. Ba shi kaɗai ya yi haka ba. Ba dolaye ba ne, wasunsu sun fi ni kai nesa ba kusa ba. Abin da aka gaya mana shi ne karatu, shi suka kawo.

Ni ma na rasa ta inda zan fara. Amma na ce wa kaina, ai wannan ma sai an kai wa Inna tafsirinsa. Sai na bi shi a hankali kamar zan maimaita miki da yamma. Wani masunci ne a ƙasarsu, kwale-kwalensa ya kife, ya yi iyo ya fita gaɓa, sannan ya sake faɗawa ruwa. Akwai kalmomin da ban sani ba, na tsallake su, labarin bai ɓace mini ba. Tambayoyin farko na amsa su ba wuya: wane ne, a ina, me ya faru. Duk irin naki ne, har ma naki sun fi zafi.

Sai ta ƙarshe, mai cewa don me ya koma cikin ruwa. Na ce wannan ai sadaka ce. Ni da na tashi kusa da gulbin Rima, na san abin da yake mayar da masunci ruwa: tarunsa. Taru shi ne abincin gidansa. Har na tsoma alƙalami a tawada zan rubuta, sai na ji ki sarai kamar kina bayana da rariya: littafi ya ce, ko kai ka ce?

Na koma na bi layi layi da yatsa. Tarun yana nan, an ce ya nutse, mutumin ko waiwayarsa bai yi ba. Abin da ya koma ɗaukowa karensa ne. Kare, Inna! Na sake karantawa don ban yarda ba. Wane mai hankali ne zai bar taru ya sayar da ransa saboda kare? Raina yana ƙi, na rubuta cewa ya koma ne don ya ceci karensa. Na ƙara da cewa labarin ya nuna yana son karen. Iyakar abin da takarda ta faɗa ke nan, ban ƙara mata ko gishiri ba.

Da na dawo na ba ki labarin, kin yi salati kin tafa hannu, kika ce lallai Nasara sai a bar su. Amma kika ce tunda haka ya ce, haka ɗin ne amsa. Daga nan muka shiga jira. Jiran ya yi tsawo har aka share gonaki. Baffa ya daina cewa "in", ya koma cewa "idan ka fara zuwa fadama".

Ranar da sakamako ya zo, Malam Umaru bai aiko kowa ba. Da kansa ya taho, ya jingine keke a ƙofar gida ya yi sallama da ƙarfi, yadda duk unguwa za ta ji. An ɗauke ni Midil. Ina tsaye a zaure na ji guɗa ta tashi daga cikin gida, na ɗauka wata maƙwabciya ce. Da na leƙa, ke ce, Inna. Ke da ko a bikin yayyena ba ki yi guɗa ba. Kika yafa zane kika ɗauki tulu, alhali randunanmu cike suke, kika nufi rijiya. An ce ko ambaton sakamakon ba ki yi ba a can. Kin ja ruwanki a natse, kin gaisa da kowace mace da sunanta, kin tambayi lafiyar 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kin dawo. Har yau in na tuna wannan tafiya taki sai in ji ƙirjina ya cika.

Da yamma Baffa Garba ya shigo riƙe da sabon kalme, ƙaramar fartanyar da muke gyaran fangali, wato kwamin albasa, da ita. Ashe tuni ya sa maƙeri ya ƙera mini, har an sa ƙota daidai tsawona. Ba mugu ba ne, ya yi mini barka da zuciya ɗaya. Amma ya tsaya yana juya kalmen yana cewa ga damina ta ƙarato, ga rani na biye, hannun da ya sa rai da shi kuma zai tafi birni. Na ga maganar tana neman juyawa. Sai kika tashi kika miƙa hannu biyu kika ce, "Kawo shi nan, Yaya. Abin da za shi noma, ni ka noma shi. Shi dai shi tahi."

Kuma kin noma. Duk shekarun da na yi a Midil ina cin shinkafa a kwano ina kwana a kan gado, ke kina duƙe a fangalin da aka yanka da sunana, da kalmen da aka auna da tsawon yaro. Na gama, na zama malamin makaranta, na koyar a Rabah, na koyar a Goronyo, yara masu yawa sun bi ta hannuna sun zama mutane. Sai da na karɓi aiki na zo da kaina na cire kalmen nan daga hannunki, kina ta faɗa wai ban bari kin ƙarasa layi ba. Mun yi nasara, Inna. Ni da ke muka ci jarrabawar nan, sunana kawai aka rubuta.

Ya Allah, ga baiwarka Hajo. Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka miƙar da bayan da ya duƙa domina, Ka sanyaya tafin hannun da ya yi kanta a madadin nawa. Ka shayar da ita daga tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Ka haɗa mu a Aljanna inda babu sauran rabuwa. Amin.

Naki har ranar da za mu gana,
Autanki, Isa.