Nazaren da Babu Yaro Ko Ɗaya

Anti Barira, don Allah ki taimake ni, kalma ɗaya ta Turanci ta sa ni a tsaka mai wuya. Ni 'yar Bunkure ce, bara na gama karatun koyarwa. Wani ɗan'uwanmu ya zo da labarin ana neman ma'aikaciya a nursery a Kadawa, wato nazare. Kafin magariba Baba ya gama shaida wa majalisarsu cewa 'yarsa ta zama malama. Na sha lalle, na haddace waƙoƙin yara, na tafi. Wallahi Anti, babu yaro ko ɗaya! Ashe wurin renon tumatir ne a wata gonar gwaji. Kunya ta hana ni juyawa, na ɗaura ɗamara na kama aiki.

To sai ga ikon Allah, aikin ya karɓe ni. Da ruwan ƙarshen damina ya kwantar da tsiron da wasu suka rena, nawa ya tsaya kore shar. Manoma tun daga Kura layi suke yi. Baba ma ya aika aka karɓo masa ya dasa. Kullum sai ya sa wa “mutumin” da ya reni tsiron albarka, ni kuwa ina miƙa masa buta ina danne dariya. Ina son aikin nan har raina. Tsorona kada ya ji a bakin wani, a yi masa dariya a majalisa.

Malamar Tumatir, Bunkure

'Yata, na yi dariya har da hawaye. Barka da arziki! Ba ki ɓata hanya ba. Kalmar nan makarantar ƙananan yara ce, ɗakin jarirai ce a asibiti, wurin renon tsiro ce, har na 'ya'yan kifi. Duk aikin ɗaya ne: a kula da ƙarami har ya tsaya da ƙafarsa.

Amma Baba yana da haƙƙi. Da zuciya ɗaya ya yi alfahari da ke, kika bar shi cikin duhu, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ki fara sanar da mahaifiyarki. Sannan ki bi shi gona, ki durƙusa a gaban tumatirinsa ki faɗa masa da bakinki. In ya yi faɗa ki haƙura, manomi ba ya raina hannun da ya cika masa kwando. Albarkar nan da yake ta sa wa baƙo, ki je ki karɓi abarki. Allah Ya ƙara wa hannunki yalwa.