Jakar da Anti Rabi Ta Shiga da Ita Banɗaki

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙonku da girman Allah kada ku fara da zagi, ku karanta har ƙarshe tukuna. Wallahi ba sai an gaya mini na yi abin kunya ba, na sani. Shawara nake nema.

Ni ɗaliba ce a Alƙahira, ina karanta Shari'a, ina zaune a unguwar Madinat Nasr da wasu 'yan mata, mun haɗu mun kama gida. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma a nan yake, zan kira shi Yaya Mustafa. Shi ya yi ta lallaɓa Abba har ya yarda mace ta fito karatu waje, shi ya tarbe ni a filin jirgi, shi yake bin layi da fasfona duk lokacin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba, so nake ku san wanda na yi abin dominsa. Bara ya tsaya takarar shugabancin ƙungiyar ɗaliban jiharmu da ke nan Masar. Na san wani zai ce zaɓen ɗalibai har wani abu ne? A nan abu ne. Shugaba shi ake kira in an tsare ɗalibi kan takardu, shi ke shiga tsakani in mai gida ya watso wa mutum kaya, shi ke tsayawa a kan gawa in an yi rasuwa. Abokin takararsa wani ne Malam Sadisu, ya girme shi, ba shi da yawan magana.

Rigimar tun kafin zaɓe ta fara, kuma a kan 'yan Mansura da Tanta ne, garuruwa biyu da ke da 'yar tafiya daga Alƙahira. Muna da ɗalibai da yawa a can, galibi masu karatun likita, kuma mata sun fi yawa. Suka ce ba za su iya barin asibiti da jarabawa su zo Alƙahira jefa ƙuri'a ba, a bar kowa ya rubuta zaɓinsa ya rufe a ambulan a kawo. Yaya da mutanensa suka ce a'a. Wa ya ga wanda ya rubuta? Wa ya san ko mutum ɗaya ne ya tara 'yan ɗakinsu ya ce kowa ya rubuta wane? Ambulan ba suna, in an musanya a hanya wa zai gane? Su kuma suka ce to su ba 'yan jihar ba ne, ko sai ranar zaɓe ake mantawa da su? Aka yi ta yi a zauren ƙungiya na waya har wasu suka daina gaisawa a masallaci. Daga ƙarshe dattawa suka raba gardama: za a karɓi ƙuri'ar ambulan, amma mutum biyu za su je su karɓo hannu da hannu, ɗaya wanda kowa ya yarda da shi, ɗaya daga ɓangaren masu ƙorafi. Ta farko Anti Rabi. Ta biyu ni.

Anti Rabi matar aure ce, tana digiri na biyu, suna zaune a unguwar Abbasiya da mijinta da jaririnta. Duk yarinyar da ta zo garin nan daga jiharmu ta ci tuwon gidanta. Lokacin da na yi zazzaɓi a shekarata ta farko, a katifarta na kwanta har na warke. Ita ke koyar da 'ya'yan wasu ma'aikata 'yan ƙasarmu hadda a gidajensu, don an san ta da amana.

Muka hau jirgin ƙasa da safe, tana goye da yaronta. Jaka biyu ne da mu, duka baƙaƙe: ɗaya ta ambulan, ɗaya ta kayan jariri. Ta miƙo mini ta ambulan tun a tasha, ta ce, "Ƙanwata, ke za ki riƙe wannan, ni wannan sarkin rigimar ya ishe ni." Daga nan har muka dawo, jakar nan ba ta bar jikina ba. A Mansura da idona na ga kowa ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya fito ya liƙe ambulan ɗinsa, ya sa a jakar da hannunsa. Har wata ta tsaya ta dube ni tana dariya, ta ce, "Ki gaida Yayanki, ki ce masa jirgin da ya kawo ki ɗin nan yana ɗaukar maza ma." Sai wata ta ja ni gefe ta ba ni labarin yadda Malam Sadisu ya zo ya yi jinyar wani ɗalibi da aka yi wa tiyata, ba wanda ya aiko shi. Tun a nan jikina ya ba ni Yaya ba zai samu ƙuri'ar mutanen nan ba, kuma na san dalili: shi bai taɓa takowa wurinsu ba. Da muka gama da Tanta muka shiga wani shagon kushari, abincin 'yan ƙasar, kusa da tasha, yaron ya ɓata jikinsa, Anti Rabi ta ɗauki jakar kayansa ta shiga banɗaki ta gyara shi. Ta ɗan daɗe, don ruwan wurin ɗigowa yake. Ni ina zaune ina cin abincina, jakar ƙuri'u tana kan cinyata. Da muka iso na damƙa ta a hannun shugaban kwamitin zaɓe da kaina.

Ranar ƙidaya, da aka gama ƙirga na Alƙahira Yaya ne a gaba, har samari sun fara ɗaga shi sama. Sai aka buɗe ambulan. Sadisu, Sadisu, Sadisu. Ina kallon fuskar Yayana tana canzawa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya mayar, ya sake cirewa. Kafin a gama an fara ihun maguɗi. Wani ya ce ta yaya gari guda zai zaɓi mutum ɗaya, wani ya tuno cewa mijin Anti Rabi da Malam Sadisu tare suke zuwa darasi. Shugaban kwamiti ya tsawatar, ya ce ai akwai shaida daga ɓangarenku, a tambaye ta. Aka juyo gaba ɗaya ana kallona. Ya ce, "Malama, tsakaninki da Allah, akwai lokacin da jakar ta bar idonki?" Na ɗaga kai, sai muka haɗa ido da Yaya. Bai ce komai ba, bai yi mini alama ba, wallahi bai taɓa cewa in yi ƙarya ba. Ido kawai ya zuba mini kamar wanda ruwa ke ja. Sai na ji bakina yana cewa, "A Tanta, Anti Rabi ta shiga banɗaki da jaka, kuma ta daɗe." Shugaban kwamiti ya ce, "Wace jaka?" Na ce, "Baƙar." Ya ce, "Ta ƙuri'un?" Na gyaɗa kai.

Me ya shiga kaina? Har yau ban sani ba. Ina cikin hayyacina, ba wanda ya tsorata ni. Ni da nake zama a aji ana karanta mana babin shaidar zur, ina rubutawa, ina cin jarabawa a kai?

Anti Rabi tana bayan zauren tana jijjiga yaronta. Ta miƙe ta ce, "Jakar kayan yaro ce. Ƙanwata, tuna dai. Ke kika riƙe ta ƙuri'u." Muryarta ba faɗa a ciki, ta ɗauka mantuwa na yi. Ta sake cewa, "Tuna mana." Na sunkuyar da kai na ce ni dai abin da na gani ke nan. Hayaniya ta rufe sauran maganarta. Aka soke ƙuri'un ambulan gaba ɗaya, aka ce Yaya ya ci. Malam Sadisu ya tashi ya ba shi hannu ya fita, 'yan Mansura suka fice daga zauren ƙungiya na waya rututu.

Na ɗauka abin zai wuce da sati ɗaya ko biyu. Bai wuce ba. Aka sa wa Anti Rabi suna, Hajiya Ambulan, har yaran da suka zo bana, waɗanda ba su taɓa ganinta ba, sun san sunan. Gidajen da take koyarwa suka sallame ta ɗaya bayan ɗaya, da ma'alish a yi haƙuri, da yara sun yi yawan aiki a makaranta. 'Yan matan da ke cika gidanta ranar hutu suka ɗauke ƙafa. Mijinta ya daina zuwa masallacin da mutanenmu ke taruwa, ya koma wani can nesa. Ni kuwa sai yabo. Jaruma, mai gaskiya, wadda ba ta ji kunyar babba ba. Abba ya kira ni daga gida ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin tsaya wa ɗan'uwanki da gaskiya." Na ce amin, na ajiye wayar.

Abin da ya fi damuna, Yaya ya yarda da ni ɗari bisa ɗari. Kuma shugabancinsa ba laifi, yana ƙoƙari, ya fitar da yara biyu daga hannun hukuma, ya daidaita rigimar gidaje da dama. Duk inda aka zauna aka tayar da zancen zaɓe, ko na gida Najeriya, ko na wata ƙasa da aka gani a labarai ana gardamar aika ƙuri'a ta gidan waya, sai ya gyara zama ya ce, "Ni ba labari aka ba ni ba. Ƙanwata ta gani da idonta." Ina wurin, ina zuba musu shayi. Wani lokaci har in ce wa kaina ai maganarsa tana da hujja, ambulan ba suna ana iya musanya shi. Eh, ana iyawa. Amma ba a yi ba. A kan cinyata jakar take.

Watan jiya na haɗu da ita a tashar metro ta Abbasiya. Na hango ta na juya zan ɓace cikin mutane, sai na ji ta kira sunana. Ta rame. Yaron har yana tafiya, yana riƙe da gefen hijabinta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa lafiya lau, ta tambayi karatu, ta tambayi Umma. Sai na ji na ce, "Anti, ki yafe mini." Ta ce, "Me kika yi?" Na tsaya ina kallon yaron. Ta ce, "Kin gani? Ko a nan, daga ni sai ke, kin kasa faɗa. Ni ban yi miki Allah ya isa ba, kuma ban yafe ba. A gaban mutane kika faɗa, a gabansu nake jira." Jirgi ya zo, ta ɗauki yaronta ta ce masa yalla mu tafi, ta shiga ɓangaren mata. Ni ban iya shiga ba. Na zauna a kan benci jirage suna zuwa suna wucewa. Daga baya na ji ta kusa kare kundinta, da ta gama za su tattara su koma gida gaba ɗaya. Da sunan nan za ta koma, don har can jiharmu labarin ya kai.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Sabon zaɓe ya matso, kuma ranar Juma'a mai zuwa za a yi babban taro a rubuta a dokar ƙungiya cewa an haramta ƙuri'ar ambulan har abada, duk mai son zaɓe ya zo Alƙahira da ƙafarsa. 'Yan Mansura sun ce za su zo, kuma sharaɗinsu ɗaya ne: tunda duk hujjar a kan maganata take, in tsaya in dafa Alƙur'ani in maimaita. Yaya ya amsa musu tun kafin ya tambaye ni. Jiya ya zo ƙofar gidanmu da lemo a leda, yana murmushi, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ranar Juma'a za ki rufe musu baki. Ki yi alwalarki tun daga gida." Na ce to.

Ba zan iya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba, wannan kam ko za a yanka ni. Har na yi tunanin in ce ina fashin salla, amma za su ɗaga zuwa wani satin, kuma wata ƙaryar ce a kan ta farko. Na yi tunanin in same shi shi kaɗai in gaya masa, to in ya ce in yi shiru fa? Da wane ido zan ƙara kallonsa? In kuma ya ce in faɗa, shi ke nan ya sauka da kunyar kujerar da bai ci ba, alhali bai san komai ba, kuma ba wanda zai yarda bai sani ba. Za a ce shi ya kitsa mini. Abba zai ji, kuma na san shi, cewa zai yi in haɗa kayana in dawo, saura shekara ɗaya in gama. In na gudu na ƙi zuwa taron, an rufe wa 'yan Mansura ƙofa saboda ni, Anti Rabi ta hau jirgi tana Hajiya Ambulan.

Na san wadda aka zalunta, ba sai kun gaya mini ba. Abin da ban sani ba shi ne ta inda zan fara, da wanda zan fara gaya wa, da yadda zan buɗe baki a gaban Yayana in ce masa shekara guda yana rantsuwa da ƙaryata. Don Allah, 'yan'uwa, me zan yi?