Furen Umma a Ƙarƙashin Siminti

Assalamu alaikum Umma,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiya, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki. Abin da na gani ranar Asabar ne ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na zauna rubuta miki.

Na hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa gidan Yaya Bashir a Handsworth, da ƙaramin shebur da tukunyar shuka a jakata. Tun bayan zaman makokinki ban sake taka gidan ba. Niyyata in ɗebo furenki in kai unguwarmu ta Whalley Range, tunda gidan da na koma yana da ɗan fili a baya. Na buɗe ƙofar kicin mai fita lambun baya, Umma, sai na ga siminti. Daga bakin ƙofa har jikin katanga, sumul, ko tsinke babu. Na tsaya riƙe da shebur.

Kin tuna yadda kika sami furen nan? Shekarar da kika zo jinyar gwiwa, kika hango Anti Pearl, tsohuwar nan 'yar Jamaika da ke maƙwabtaka da Yaya, tana cire shi tana zubarwa a matsayin ciyawa. Ba Turanci gare ki ba, ita kuma ba ta jin Hausa. Da hannu kika roƙa, ta miƙo miki ta saman shinge tana dariya.

Ni na ɗauki hotonsa a waya na gano sunansa speedwell, mai sake tsirowa duk shekara. Ke ba ki damu da sunan ba. Kika janyo ni ƙasa kika nuna mini: furen shuɗi ne, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kunnuwansa huɗu, na ƙasan ya fi siranta, ga farin ido a tsakiya. Kika murza karan, kika ce in dubi gashin da ya jeru layi biyu. “Har kitso aka yi masa,” in ji ki. Da na tsinko ɗaya furen ya zube nan take, kika doke mini hannu. “Ki bar shi a inda yake. Shi ɗan gari ne, mu ne baƙi.”

Duk wannan ne ya taso mini, na juya kan Yaya. Umma, ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ya binne abu ɗaya mai rai da kika bar mana, ko shawara bai yi ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya nuna wani wuri kusa da famfo ya ce, “Hafsatu, a nan na same ta.”

Ban gane ba sai da ya maimaita. Ai ce mana ya yi a kan sallaya ya same ki, a ɗakinki. Haka na faɗa wa dangi a Kano. Haka nake faɗa wa kaina duk lokacin da kewarki ta hana ni sukuni. Ashe daga ofis ya dawo da yamma, ya hango ki ta tagar kicin, kwance a gefenki cikin furannin, butar ban ruwa ta kife kusa da hannunki. Ya ce gudun kada mu riƙa ganinki a ƙasa yadda shi yake gani ne ya sa ya canza maganar. Ya ce duk watan Mayu wurin sai ya yi shuɗi, shi kuma ya kasa shiga kicin ɗin gidansa. Bana ya kira masu siminti.

Na zauna a dokin ƙofa. Ban san tsawon lokacin da kika yi a wurin ke kaɗai ba. Shi ma bai sani ba, kuma shi kaɗai ya yi ta dakon wannan tambayar muna ganinsa yana harkokinsa.

Anti Pearl ta ji hayaniyata, ta leƙo. Ashe tun da kika roƙa ta daina cirewa. Ta haƙo mini dunƙule guda da saiwarsa daga lambunta. Na dasa shi jiya, a inda rana ke ɗan taɓawa da safe. Ya yi yaushi, ban sani ba ko zai kama.

Har yanzu ban san ko fushi nake da Yaya ko tausayinsa ba. Shi ya riƙe mini tukunyar har tasha, amma bai kalli cikinta ba ko sau ɗaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ummata. Ya sa mala'ikun rahama ne suka zauna da ke a wancan yinin. Ya ba ki Aljannar Firdausi, Ya kuma sauke wa ɗanki abin da ya ɗauka dominmu.

Taki har kullum,
Hafsatu