Wa Zai Faɗa wa Inna?

Gindin Dutsen Bedel,
25 ga Shawwal, 1334 (1916)

Zuwa ga Yayana Mambetali,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kun haye dutsen lafiya, kai da iyalinka da abin da ya rage na tumakinmu. Mu nan muna numfashi, alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ka, haka ma matata Ayimkan.

Kullum kana yi mini ba'a wai makarantar garin Karakol ba ta koya mini komai ba sai ɓata yatsu da tawada. To, yau ga ranar tawadar, don ba ni da wata hanyar da zan kai gare ka.

Yau kwana tara ke nan da muka binne autanmu Esenkul a bakin hanya, ni da kai, da harsashin soja a ƙirjinsa. Ka ce za ka kora dabbobi zuwa ƙasar Sin, cikin kwana biyar ka dawo da dattawa a faɗa wa Inna yadda ya kamata. Kwana biyar ɗin nan sun daɗe da wucewa.

Ban yi maka musu ba a ranar, yanzu ma ba na yi. Ba a jefa wa uwa mutuwar ɗanta a tsaye. Sai dattawa sun shiga tanti sun zauna, babbansu ya fara da annabawan da suka riga mu, ya gangaro a hankali har ya iso kan sunan, sannan mata su riƙe ta, ta juya fuskarta bango ta yi kukanta. Amma tun da hukumar Rasha ta ce za ta kwashi mazanmu zuwa haƙar ramukan yaƙinta, mutane suka yi tawaye, sojoji suka fito, duk mai furfura a zuriyarmu ko ya mutu ko ya haye tare da ku. Ni kuwa ko gemun kirki ba ni da shi.

Na gaya mata Esenkul ya tsaya neman dawakin da suka ɓace. Da na ce mu yi gaba zai same mu, sai ta ce, "Ba inda za ni. Uku na haifa, ba zan bar ɗaya a baya kamar tsohon takalmi ba. In ƙafarka ce ke ƙaiƙayi, ga hanya nan."

Yaya, kullum mutane na wucewa ta gabanmu, daga Karakol, daga bakin tafki, duk sun nufi mashigar dutse. Mu kaɗai ne tantinmu ke tsaye. Don Allah ka zo kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Ƙanenka,
Kudaybergen

Gindin Dutsen Bedel,
14 ga Zulƙida

Yayana Mambetali,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta yara, saƙonka ya iso ta bakin maƙwabcinmu Jumabay da ya dawo ɗaukar ƙanwarsa. Ya ce masu tsaron iyaka sun ƙwace dawakinka, kana neman abin hawa. Ya ce ka ce kada in kuskura in buɗe baki, kana nan tafe. Na ji. Amma da me za ka zo? Da ƙafa?

Shekaranjiya wani tsoho mai suna Sadik ya yada zango kusa da mu da jama'arsa. Na same shi na durƙusa, na roƙe shi ya shiga ya gaya mata. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, cikin kwana goma na sanar da mutuwa sha ɗaya. Bakina ya gaji. Kuma ni ba danginku ba ne, da wane suna zan kira ta?" Da gari ya waye suka ɗaura kaya suka tafi.

Inna kullum da hantsi sai ta hau tudu ta zauna tana kallon hanyar Karakol. In an raba busasshen cuku ta ware kason Esenkul ta ƙulle a gefen mayafinta. Ƙullin nan ya kai girman kan jariri, mu kuwa garin sha'ir ɗinmu bai fi na kwana shida ba. Ta rame ƙwarai. Ta daina tambayata yaushe zai zo, wannan kuwa ya fi tambayar ci mini rai.

Ayimkan ta sa ni gaba. Jiya muna ɗiban ruwa ta ce, "Kai dai jarumi ne a kan takarda. Dubi saman dutsen can, ya yi fari. Jira kake mu mutu mu uku don kada a ce ka yi rashin kunya?" Na daka mata tsawa, amma gaskiya ta faɗa.

Sau uku ina shiga tanti da niyyar faɗa. Sai in ga bayan Inna tana gyaran wuta, in ce mata itace ya kusa ƙarewa, in fito. Tsoro nake ji, Yaya. Ina tsoron ta faɗi a gabana ba macen da za ta riƙe ta sai yarinya ɗaya, kuma har in mutu a riƙa nuna ni ana cewa ga wanda ya kashe uwarsa da baki.

Ayarin Jumabay zai tashi gobe, shi zai kawo maka wannan. Bayansu ban ga ƙurar kowa ba.

Ƙanenka,
Kudaybergen

Uc-Turfan, ƙasar Sin,
6 ga Zulhajji

Yayana Mambetali,

Ina gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa. Allah ya sa wannan ta same ka cikin lafiya. An ce mini kun gangara wajen Aksu neman kiwo, shi ya sa ban same ku a nan ba. Mun haye. Yatsun ƙafata biyu sanyi ya cinye, Ayimkan tana tari amma tana tashi.

Na karya maganarka. Kwana huɗu bayan tafiyar Jumabay na shiga na zauna a inda dattijo ke zama, kunya kamar ta kashe ni. Na fara da Annabi Adamu. Na rikita jerin annabawan, ban ma kai rabi ba Inna ta ɗaga hannu.

"Bari wahalar da kanka," in ji ta. "Faɗi sunan."

Na faɗa.

Ta ce, "Tun ranar da kuka dawo ku biyu kuna kallon ƙasa na sani. Wace uwa ce ba za ta sani ba? Amma ba a gaya mini ba, da wane baki zan yi kuka? In haye dutse in bar ɗana a ƙasar nan ba wanda ya yi masa kuka? Wata guda kuka bar ni da shi a maƙogwaro, ku da kunyarku."

Ta juya bango ta kama ƙugu ta fara kukanta. Ayimkan ta riƙe ta. Yini guda tana kiran sunansa, tana lissafa dawakin da ya hora da ranar da ya fara tafiya. Washegari ita ta fara tashi, ta ce a kwance tanti.

Amma mun makara, Yaya. Ƙanƙara ta kai cikin doki. Hanya cike take da gawar raƙuma da ta mutane, ba mai tsayawa. Dokin Inna ya faɗi a kwana na biyu, na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tana bayana tana yi mini faɗa wai ina tafiya kamar agwagwa.

Na san ba ka karatu, wani ne ke karanta maka wannan. Malam mai karatu, don girman Allah ka dakata a nan. Kada ka faɗi abin da ke ƙasa. Ka naɗe takardar, ka je ka tara dattawan da ke kusa, su shiga tanti su zaunar da yayana. Yana da furfura kewaye da shi, a yi masa yadda ya kamata.

Ku dattawa, sunan da za ku iso kansa shi ne Burul 'yar Osmon, Innarmu. Tana saman Bedel, dama da hanya, ƙarƙashin duwatsun da na iya ɗagawa.

Ƙanensa,
Kudaybergen